Kifin da ya taso da kansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



A farkon daminar bana, bayan mun idar da sallar La'asar, wani dattijo masunci daga wajen Ajingi ya zauna har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, tambaya gare ni." Ya ce kwana biyu bayan saukar ruwan farko mai ƙarfi, sun wayi gari sun tarar kifi ya taso a wani lungu na kogi inda ruwa ba ya gudu sosai. Wasu sun mutu ciki a sama, wasu suna ta haki a saman ruwa, ko guduwa ba sa iya yi. Yara suka shiga da kwanduna suka yi ta kwasa. Aka soya aka ci, saura aka ƙyafe aka kai kasuwa. Shin wannan kifi ya halatta?

Na ba shi amsar da kowane ɗalibin fiƙihu zai bayar. Hadisin Abu Huraira da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya tabbatar da tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa, kuma malamai sun shigar da kogi da tafki cikin hukuncin. A wurin Malikiyya da mafi yawan malamai, kifin da ya mutu da kansa ya taso halal ne. Hanafiyya ne suka hana irinsa. Sai dai wannan hukuncin asali ne. Idan guba ce ta kashe shi, ko ya fara ruɓewa, to cutarwa ta shigo, kuma abin da zai cutar da jiki ba ya halatta a ci. Wanda kuma ya kai shi kasuwa ya ɓoye yadda aka same shi, ya yi algus.

Dattijon ya gyaɗa kai, amma bai tashi ba. Ya ce, "Malam, ni fa ƙasan ruwan ya fi damuna a kan kifin." Na ce, "Kamar yaya, Baba?" Ya ce shi tun yana yaro yake shiga wannan kogi, ƙafarsa ta san ƙasansa kamar yadda ta san tsakar gidansa. Da, in ka taka, yashi ne da laka mai laushi, ka taka ƙumba har ta yanke ka, ka ɗaga guntun itace ka ga kaguwa ta ruga. Yanzu akwai wuraren da in ka zura ƙafa sai baƙin taɓo, in ka zaro ta sai wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ba abin da ke motsi a ciki. Ya ce, "To wannan alhakin a wuyan wa yake?"

Wallahi ban ba shi amsa a ranar ba. Na ce ya ba ni lokaci. Wannan rubutu shi ne amsar, na kuma sa ta a nan ne saboda ba shi kaɗai ta shafa ba.

Mu da muke tudu, in an ce kogi, ruwa muke gani da kifi. Alhali a cikin lakar da ke ƙasa akwai halittu masu yawa da ba sa fitowa. Akwai tsutsotsi sirara, akwai katantanwa, akwai ƙumba mai ɓawo biyu, akwai kaguwa, akwai 'ya'yan mazari, domin mazarin nan da kake gani yana shawagi a fadama, a ƙasan ruwa yake fara rayuwarsa. Kowa da aikinsa. Ƙumba tana zuƙo ruwa ta tace, ta ci abin da ke ciki, ta fitar da shi ya fi tsabta. Tsutsa tana huda laka tana juya ta kamar yadda tana take yi a gona. Wasu suna cinye ganye da mushen da ya nutse. Su kuma duka abinci ne ga tarwaɗa da kurungu da sauran kifin da ke kiwo a ƙasa. Karfasa a ƙasan take share wuri ta yi gurbi. Gaiwa kuwa ba sai an faɗa ba, a cikin lakar take ƙulle kanta ta yi rani guda tana jiran damina.

In ruwa ya ɓaci, kifi yana iya gudu ya nemi wani wuri. Waɗannan ba sa iyawa. Inda suke nan suke, abin da ya zo musu shi za su haɗiya. Shi ya sa masana ilmin ruwa, in suna son sanin lafiyar kogi, ba sa tsayawa a kan kwalbar ruwa kaɗai. Laka suke ɗebowa su tankaɗe, su ƙirga wane ne ke nan, wane ne ya ɓace. Ruwan da ka ɗiba yau, labarin yau zai ba ka, laka kuwa labarin shekaru ne a cikinta. Ka ga ke nan ƙafar Baba masunci ta yi aikin da ake zuwa jami'a a koya.

A aya ta 38 ta Suratul An'am, Allah Ya gaya mana cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. A aya ta 6 ta Suratu Hud kuma Ya ɗauki nauyin arzikin kowace dabba, Ya kuma ambaci cewa Ya san mazauninta. Mazauninta fa. Tsutsar nan da ke cikin lakar kogin Wudil, wadda ba wanda ya taɓa kallon ta sau biyu, tana da mazauni sananne da abinci rubutacce. Kuma hanyar da Allah Ya hukunta abincin zai iso mata ita ce kogin, wato abin da ruwa ya kwaso daga tudu. Tudun nan kuwa mu ne a kansa.

Da na shiga karatu a kan wannan mas'ala, sai na tarar cikin waɗanda suka fi bin diddiginta akwai mutanen can ƙarshen arewacin duniya, ƙasashen ƙanƙara. Bari in kai ku can kaɗan, domin abin da suka gani zai taimaka mana mu gane namu.

Tekun Aktik shi ne mafi ƙanƙanta a manyan tekunan duniya, amma kimanin kashi ɗaya cikin goma na duk ruwan da kogunan duniya ke zubarwa a teku, a cikinsa yake faɗawa. Manyan koguna irin su Ob da Yenisei da Lena na Rasha, da Makenzi na Kanada, duk can suke ƙarewa. Mafi yawan shekara a daskare suke. In lokacin zafinsu ya zo, na 'yan watanni, sai ƙanƙara ta narke, ruwa ya ɓalle gaba ɗaya da laka, kamar dai yadda kwarinmu yake yi a watan Agusta. A tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, inda ake yawan wannan bincike, bakin teku yakan rine ya koma ruwan ƙasa saboda lakar da koramu ke kawowa.

Ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, don haka sai ya shimfiɗu a sama, na gishiri yana ƙasa. Na san wasu za su tuna da aya ta 53 ta Suratul Furƙan a kan ruwan daɗi da na zartsi da shamakin da ke tsakaninsu. Tunawa ce mai kyau, sai dai ni ba na cikin masu ɗora kowace aya a kan kowane bincike, mu bar wa malaman tafsiri fagensu. Abin da ya dame mu a nan shi ne lakar. Ita ba ta tsayawa a sama, zuba take yi a hankali kamar yayyafi a kan duk abin da ke ƙasan tekun. Dabbobin da ke rayuwa da tace ruwa, dangin ƙumba, sai matatarsu ta toshe. Wasu a binne su da rai. Shi ya sa a daidai bakin kogi iri kaɗan ake samu, galibi ƙananan tsutsotsi masu jure binnewa, in aka matsa nesa kuma sai iri ya yawaita. To amma kogin nan dai shi ne yake kawo musu abinci: ruɓaɓɓen tsiro daga tudu, da sinadaran da ƙananan tsirran ruwa ke tsira da su. Kogi ɗaya, yana ciyarwa yana binnewa, kuma abin da ke raba tsakani shi ne gwargwado. Yanzu da yankin nan yake ɗumama (wani bincike na 2022 ya ce kusan ninki huɗu na saurin ɗumamar duniya tun 1979), narkewar ta ƙaru, ƙasar da ta yi dubban shekaru a daskare ta fara saki, abin da koguna ke kwasowa ya fara sauyawa. Dabbar ruwan sanyi kuma a hankali take girma, in ta halaka ba ta saurin mayar da gurbi.

Wanda ya fi kama da namu shi ne tekun Baltik, wanda ƙasashe tara suka kewaye, ciki har da Jamus da Poland da Sweden da Finland da Rasha. Kogunansu sun yi shekaru suna kwaso takin zamani daga gonaki da ƙazantar birane suna zubawa a ciki. Taki a ruwa aikinsa na gona yake yi, wato yana sa tsiro ya yi yabanya. Gansakuka da ƙananan tsirrai su cika ruwa, su mutu, su nutse. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da su su shanye iskar oksijin da ke ƙasa. In iska ta ƙare, duk abin da ba ya iya gudu ya mutu, laka ta yi baƙi, ta fara fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kun ji siffar? Ita ce Baba ya faɗa mini a masallaci, shi da bai taɓa jin sunan Baltik ba. Bincike ya nuna faɗin wurin da iska ta yi ƙaranci a ƙasan wannan teku ya tashi daga kimanin murabba'in kilomita 5,000 zuwa 60,000 a cikin ƙarni ɗaya da 'yan kai. Jihar Kano gaba ɗayanta 20,000 ce da ɗoriya. Tun 1974 ƙasashen suka sa hannu a yarjejeniyar Helsinki don ceto tekun, sun kashe kuɗi, sun rage abin da ke zuba, amma har yau bai warke ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne lakar ta riƙe sinadarin da aka zuba tun zamanin iyaye, tana sako shi kaɗan-kaɗan. A Amurka ma haka, kogin Misisipi yana kwaso takin gonakin masara ya kai mashigin tekun Meksiko, kuma a 2017 an auna mataccen yankin da ke can ya haura murabba'in kilomita 22,000.

Ku lura da abu ɗaya. Ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi riƙe iska. In ruwan da ke maƙwabtaka da ƙanƙara ya shaƙe, ina ga namu da rana ke dafawa a watan Mayu? A ƙarshen rani ruwa ya ja baya, ya yi zafi, iskarsa ta yi ƙasa. Sai ruwan farko ya sauko ya wanke kwatami da bola da duk abin da ya taru wata bakwai, ya tura kogi a dare ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya sa kifi ya taso yana haki, ko da ba wanda ya zuba guba.

Kada kuma wani ya fahimci cewa laka ita ce abokiyar gaba. Masar ta gwada ta ga akasin haka. Da aka tare kogin Nilu da babbar madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970, ambaliyar shekara-shekara ta daina kai laka teku. Kifin sadin da masuntan bakin Bahar Rum ke kamawa ya faɗi daga kimanin tan 18,000 a 1962 zuwa ƙasa da tan 1,000 a 1968. Can an yi yawa an mutu, nan an rasa an mutu. A aya ta 18 ta Suratul Muminun Allah Ya siffanta saukar da ruwa da cewa bisa gwargwado ne, a farkon Suratur Rahman kuma Ya hana ƙetare iyaka a ma'auni.

To mu dawo gida.

Kogin da ke wucewa ta Wudil ya bi ta gefen Ajingi, koguna biyu ne suka haɗu: kogin Kano, wanda aka tare da madatsar Tiga a 1974, da kogin Challawa, wanda aka tare a wajen Ƙaraye a 1992. Daga wajenmu ya nufi Ringim, ya wuce Haɗeja, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are a wajen Gashuwa, ya zama kogin Yobe, abin da ya yi saura ya faɗa Tafkin Chadi. Ruwan da ya sauka a gonakin Gaya da Kademi da Toranke da Balare, ko ta wace hanya ya bi, in bai nutse ko ya bushe ba, can ya nufa. Ma'ana kogin namu ba ya zuwa teku ko kaɗan. Mutumin Lakwaja yana iya yaudarar kansa ya ce Kwara za ta kai sharar teku. Mu ko wannan yaudarar ba mu da ita. Rana tana shanye ruwan a hanya, ƙasa tana tsotse wani, abin da ya ɗauko kuma ya zauna a laka, a ƙasar Musulmi 'yan'uwanmu, inda suke su, suke shayar da dabbobi, suke noman shinkafa.

Ba na cikin masu zagin madatsun nan. Shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa da Bunkure daga Tiga suke sha, birnin Kano ma da su yake samun ruwa. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin. Da, ambaliya ce babba da damina, ta share hanya ta shimfiɗa laka a fadama, da rani kuma ya ja ya bar yashi. Yanzu ruwa yana tafiya a hankali kusan duk shekara, laka tana kwanciya a cikin hanyar, kachalla ta samu wurin zama. Ku tambayi mutanen Haɗeja da Guri da Nguru abin da kachalla ta yi musu: ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana jirgi wucewa, ta zama maɓoyar tsuntsun jan-baki mai cinye gona. Ruwa mai kwanciya da ciyayi kuma shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Abin lura ke nan: in ƙasan ruwa ya ɓaci, ba kowa ke mutuwa ba. Mai amfani yakan tafi, mai cutarwa ya gaje wurin.

Sai masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa. Majeman da can bagaruwa suke amfani da ita. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yi, ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. In ruwan jima ya fita ba a tace shi ba, ƙarfen nan a laka yake kwanciya, inda tsutsa ke ci, inda tarwaɗa ke kiwo. Jami'o'inmu sun yi rubuce-rubuce da yawa a kan gurɓatar kogin Challawa, ba sirri ba ne.

Har nan na san mutanen Gaya da Ajingi suna jin daɗin karatun, domin laifin na mutanen birni ne. To a yi haƙuri. Mu a tsakiya muke. Kano tana samanmu, mu kuma muna saman Ringim da Haɗeja da Gashuwa. Duk ƙarar da za mu kai na sama, na ƙasa yana da irinta a kanmu.

Shari'a ta san wannan tsari na sama da ƙasa tun a Madina. Bukhari da Muslim sun kawo rigimar Zubairu ɗan Awwam, Allah Ya yarda da shi, da wani mutum a kan koramar da suke ban-ruwan dabino da ita. Gonar Zubairu ce a sama. Hukuncin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, shi ne na sama ya shayar sannan ya saki ruwan ga maƙwabcinsa. A Muwaɗɗa kuma, game da kwarin Mahzur da Muzainib, an iyakance wa na sama ya tsare ruwa zuwa idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. Wato na sama yana da haƙƙin fara sha, ba shi da haƙƙin mallaka. Ni kuma tambayata ita ce, me aka ce ya saka? Ruwa. Ruwan da na ƙasa zai amfana da shi. In ka sha ka ƙoshi sannan ka sako masa wankin tankin feshi, adadin ruwan ya isa gare shi, amma haƙƙinsa bai isa ba.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta babin ruwa a Ishmawi ko Risala. Malamanmu sun raba tsakanin ruwan da ya jirkita da abin da yake mazauninsa, kamar laka ko gishirin ƙasa ko gansakuka, da wanda ya jirkita da abin da aka jefa masa daga waje. Na farko alwala da shi ta yi, ko da ya yi ja wur da damina. Na biyu kuwa sai an duba. Muna haddace wannan don alwala kawai, alhali akwai fahimta babba a ciki: abin da kogi ya ɗauko bisa ɗabi'arsa daban, abin da hannun mutum ya ƙara masa daban. Sai dai akwai wurin da ɗalibi zai yi hattara. Maganin ƙwari yana iya shiga ruwa bai sauya launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba. A babin tsarki ruwan nan mai tsarkakewa ne, alwalarka ta inganta. A babin cutarwa kuwa guba ne. Kamar dai kifin Baba: halal ta wata fuska, haram ta wata. Kada wani ya ce tunda ruwan bai jirkita ba, bai yi laifi ba.

An hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Abu Dawud ya kawo hadisin Mu'azu a kan wurare uku da yin bayan gida a cikinsu ke jawo tsinuwa, mashayar ruwa tana ciki. Fitsarin mutum ɗaya ke nan fa, wanda kwana kaɗan ya isa ya baje. To me za a ce da wanda ya gama feshin maganin ciyawa a gonarsa ta fadama, ya gangara bakin kogi ya kurkure tankin, ya tuttular, ya jefa kwalbar, ya wanke hannu, ya matsa sama kaɗan ya yi alwala ya ta da sallah? Na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Kuma mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa da saninsa. In akuyar maƙwabcinsa ta sha ruwan nan ta mutu a gabansa, wallahi zai biya. Abin da ya sa bai ji komai ba shi ne waɗanda suka mutu suna ƙasan ruwa, waɗanda suka yi asara kuma suna nisan kilomita hamsin.

Mafi muni shi ne su da guba. A zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari a gurbi da dare, da asuba a zo a kwashe. Sinadarin da ke cikin Gamalin, tun 2009 aka sa shi cikin jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta hana, saboda daɗewarsa a ƙasa da taruwarsa a jikin mai rai. Mai yin wannan yana ɗaukar kwando biyu na kifi, ya bar gurbin gaba ɗaya kabari: ƙwai, da 'ya'yan kifi, da kwaɗi, da ƙumba, da duk abin da kifin baɗi zai ci. Bukhari da Muslim sun kawo labarin wani Annabi daga cikin Annabawa da tururuwa ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan tururuwar duka, sai Allah Ya yi masa wahayi na zargi, cewa saboda cizon guda ɗaya ya halaka al'umma mai tasbihi. Annabi ne fa, kuma an cije shi. Kai me ƙumba ta yi maka? Wani likita ma ya tambayi Manzon Allah game da sa kwaɗo a magani, ya hana kashe shi. Ban ga wata kafa da za a halatta wannan su ba, kuma kuɗinsa ba kuɗin da mutum zai ciyar da iyalinsa da shi ba ne.

Akwai waɗanda ba su kai wannan ba amma suna taruwa su yi yawa. A watsa yuriya a saman ƙasa hadari na haɗuwa, ruwa ya kwashe rabi, ka yi asarar kuɗinka, kogi ya samu abin da zai shaƙe shi. A nome gona har gaɓar ruwa, a sare bishiyar bakin kogi a tumɓuke jema da gamba, sai gaɓa ta yi ta zubewa. A haƙi yashi ba ƙa'ida, a kwashe gurbin kifi a tifa. Leda kuwa, kowa ya san inda ledar kasuwa take kwana in an yi ruwa.

Wani zai ce, "Malam, ka bar manya ka kama talaka. Tankin feshina nawa yake a kan bututun masana'anta?" Gaskiya ne, ba ɗaya ba ne, kuma zunubi yana girma gwargwadon ɓarna. Mai masana'antar da ya san ruwansa guba ne, yana da halin tacewa, ya ƙi saboda tsadar inji, ya sani cewa gina masallaci da rabon shinkafa da azumi ba sa goge haƙƙin masuncin da ya talauta. Sadaka babinta daban, mayar da haƙƙi babinsa daban. Hukuma kuma amana ce a wuyanta, dokoki suna nan, hukumar NESREA tun 2007 aka kafa ta don tilasta bin su, kuma kai kuka gare ta da ga wakilanmu ta hanyar da ta dace yana cikin hani da mummuna. Amma girman laifin wani ba ya mayar da naka halal. Aya ta 41 ta Suratur Rum, da ta yi maganar bayyanar ɓarna a tudu da ruwa, ga hannayen mutane ta jingina ta, a jam'i. Manoman rani nawa ne daga Wudil zuwa Ringim? Kowa ya ce nasa kaɗan ne, kogi kuwa jimla yake karɓa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan babi shi ne tuba. Sharaɗin tuba daga haƙƙin bawa shi ne a mayar masa ko a nemi yafewarsa. In ka ci kuɗin mutum, ka san ƙofar gidansa. Wanda ya zuba guba a kogi, gidan wa zai je? Masunci nawa, mai shayar da shanu nawa, yaro nawa da ya yi wanka? Bai san su ba, su ma ba su san shi ba, sai ranar da za a haɗa su. Malamai sun ce wanda ya kasa gano masu haƙƙi ya yi sadaka da gwargwadonsa da niyyarsu, ya yawaita istigfari. Ni a ganina wanda ya ɓata ruwa, mafi dacewar sadakarsa ita ce ta ruwa: ya gyara rijiya, ya dasa itace a gaɓa, ya daina, ya kuma hana wani.

Dainawar ba ta da tsada. Tankin feshi a ɗebo ruwa a bokiti a wanke shi a cikin gonar da aka fesa, nesa da gaɓa. Kwalbar magani a kurkure ta sau uku a juye a tankin, a huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha a ciki. Taki a binne shi a gindin shuka maimakon watsawa. A bar wa kogi 'yan taku na ciyawa tsakaninsa da kunya ta ƙarshe, ita ce za ta tare ƙasar gonarka kada ta tafi. Sarakunan ruwa da dagatai da masu unguwanni kuma sun san masu su da guba da sunayensu. Mu limamai ma sai mu ji kunya: huɗuba nawa muka yi a kan tsarkin ruwan buta, nawa muka yi a kan kogin da aka ɗebo shi?

Baba ya dawo bayan sati biyu, na gaya masa abin da na gaya muku, cewa alhakin a rabe yake, kowa da kasonsa daga Sharaɗa har gaɓar garinsu, kuma kifin da ya taso irin wannan tasowa kada a ci, kada a sayar. Ya yi shiru, sannan ya ce ɗansa ma yana noman rani, kuma a kogi yake wanke tanki. Ya ce zai yi masa magana. Ya kuma ce in ruwa ya ja bayan kaka zai zo ya ɗauke ni a babur, in je in zura ƙafata a wurin da kaina, don kada in riƙa faɗar abin da ban taka ba. Na amsa masa, in sha Allahu.

Wallahu a'alam.